Yadda za ka ƙera wa had-dis layin dogo, ya riƙa shiga akwatin kwamfuta kamar durowa

Duk mai gyaran kwamfuta a Zariya ya san lokacin da ɗaliban jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da na Kongo ke fafutukar kammala furojet. A irin wannan lokaci ne mutum zai shigo da had-dis, wato faifan da kwamfuta ke ajiye bayanai a cikinsa, a naɗe cikin leda, idonsa ja, ya ce, "Oga, kwamfutar ta ƙi tashi, kuma komai nawa yana ciki." Na daɗe ina yin abin da kowa ke yi: in cire murfin gefen kwamfutar shago, in jawo wayoyi waje, in ɗora faifan mutum a kan tsohon littafi, in kwafe masa kayansa. Wata rana yarona ya ja kujera, ƙafarta ta maƙale da waya, faifan wata Hajiya ya faɗo ƙasa yana cikin juyawa. Da muka sake jona shi, ƙas-ƙas-ƙas kawai yake yi. Hotunan bikin 'yarta ne a ciki. Haƙurin da na bayar a ranar har yau bai fita raina ba.

Tun daga nan na ƙera wa kwamfutar shagon wasu ƙarafa guda biyu waɗanda faifai ke bi ya zame ciki ta gaba, ya zauna daram, in an gama a zaro shi kamar durowar teburi. Ni dogo nake kiransu, domin aikinsu ɗaya ne da layin dogon da ya ratsa Sabon Gari: su hana abin da ke kansu kaucewa. Akwai na kanti, akwati guda mai ƙofa da makulli, kuma in ka samu da sauƙi ka saya. Amma wanda zan nuna maka da tarkacen da ke ƙarƙashin bencinka za a yi shi.

Kafin ka yanka komai, leƙa cikin akwatin da kyau, domin wani lokaci kamfanin ya riga ya ajiye maka abin da kake nema. A yawancin tsofaffin kwamfutocin HP na ofis, in ka cire fuskar gaba za ka tarar da notuna a jere a ɗaure a jikin ƙarfe, ba sa riƙe da komai. Ajiya ce. Su ake ɗaura wa faifai a gefe, kawunansu su bi tsagin da aka yanka a ramin, faifan ya zame har ya ce ƙyas. Tsofaffin Dell kuma korayen robobi ne dogaye, wani lokaci a maƙale a jikin akwatin ta ciki. Sai dai waɗannan duka na faifan da zai zauna ne dindindin. Mu namu na baƙo ne, wanda zai shiga da safe ya fita kafin azahar.

Awon da aikin ya rataya a kai

Sunayen da ake kiran faifai da su ba su ne faɗinsu ba. Had-dis ɗin da ake ce wa mai inci 3.5 faɗinsa milimita 101.6 ne, tsawonsa kusan 147, kaurinsa bai wuce 26.1 ba. Ramin na'urar DVD, wanda ake ce wa mai inci 5.25, faɗin abin da ke shiga cikinsa milimita 146 ne, tsayinsa 41 da ɗan kai. Ka ga ke nan in ka sa had-dis a tsakiyar ramin DVD, za a samu rarar wajen milimita 22 a kowane gefe, da fiye da santimita guda a sama. Wannan rarar ita ce filin aikinmu: a nan ƙarafan za su zauna, a nan yatsunka za su shiga su kamo faifan, ta nan kuma iska za ta bi.

Notuna iri biyu ne, kuma rikita su shi ne laifin da ya fi yawa a wannan sana'a. Babban had-dis yana cin noti mai faɗin zare da ake kira 6-32. Na'urar DVD da ƙaramin faifai na laftof da SSD (ma'ajiyar bayanan da ba ta juyi) kuwa M3 suke ci, mai siririn zare. A ido kamar ɗaya suke. In ka ji noti ya fara tauri tun juyi na biyu, tsaya, ba nasa ba ne.

Abin da za ka tanada bai da yawa. Na farko matacciyar na'urar DVD, wadda kusan babu shagon da ba a jibge su ba, in kuma ba ka da ita, 'yan gwangwan ba sa rasawa. Sai mataccen had-dis guda, shi ne zai zama ma'auninka, kuma shi zai sha duk wahalar gwaji. Sai murfin gefen tsohon akwatin kwamfuta, wanda za a yanko ƙarfen daga jikinsa. Ka nemi mai ɗan kauri, kamar milimita 0.8, na tsofaffin akwatunan nan masu nauyi. Kwanon rufi ba ya yi, ya cika laushi, da yatsa ma lanƙwasa shi kake yi. Sai tsofaffin katunan ATM ko na shaida guda biyar ko shida da suka daina aiki. Kayan aiki kuwa: almakashin yanka kwano, magagari, sanfefa, guduma, filaya, rular ƙarfe, ƙusa mai tsini don zana layi, injin huda da bakinsa na milimita 3.5, gutsattsarin ƙarfen angul guda biyu, da abin damƙe ƙarfe na kan benci.

Katunan nan ka riƙe su da daraja. Kaurin kowanne milimita 0.76 ne, ko na wane banki ne, domin ƙa'ida ɗaya ake bi wajen buga su a duniya. Wanda ba shi da ma'aunin injiniya, katin ATM ya ishe shi.

Sharaɗi guda kafin a fara: babu yanka, babu huji, babu gugar magagari kusa da kwamfutar. Garin ƙarfe ƙwaya ɗaya in ya faɗa tsakanin ƙafafun wani abu a kan madabod, wato babban allon lantarkin kwamfuta, ya gama da ita, kuma ba za ka taɓa ganin inda ya maƙale ba. Ka yi aikin ƙarfe a waje, ka goge komai da tsumma, sannan ka shigo da shi.

Farantin da zai ɗauki dogon

Kwance na'urar DVD ɗin. Notuna huɗu ne yawanci a ƙasa. Tura siririyar waya a ɗan ramin da ke fuskarta, farantin faifai zai fito, ka ɓalle robar gaban, ka zare duk kayan cikin ka ajiye gefe. Abin da kake so shi ne ɓangaren kwanson da ke da bango biyu a gefe, wanda ramukan noti suke jikinsa. Dalilin da ya sa na fi son wannan a kan yanko sabon faranti shi ne an riga an yi masa faɗin ramin daidai, ba ka da sauran lissafi.

A wasu na'urorin gindin ne ke da bangon, to ka huta. A da yawa kuwa murfin sama ne, sai ka kifar da shi, samansa ya koma ƙasa. In ka yi haka ramukan notinsa ba lalle su hadu da tsagin akwatin ba. Ba wata matsala ba ce: zura shi a ramin, daidaita bakinsa da fuskar kwamfutar, sa alama ta cikin tsagin, fito da shi waje ka huda sababbi, ka ɗaure da M3 mai uwar noti a baya. Za ka kuma ga wani zagayayyen tudu a tsakiyar murfin, inda abin danne faifai yake zama. In ya taso sama har zai iya taɓa cikin had-dis, cire shi ko ka yanke wurin gaba ɗaya. Ramin da zai bari iska ce ta samu ƙofa. Bayan farantin ma, in akwai bango, ka yanke masa taga mai faɗi inda wayoyi za su wuce.

Yanka da lanƙwasa

A nan ne aikin yake, don haka bari in daɗe a kai. Kowane dogo tsiri ne na ƙarfe mai tsawon milimita 130 da faɗin kamar 51, wanda za a lanƙwasa sau biyu ya zama kashi uku: ƙafa, bango, da leɓe. Ƙafar, mai faɗin kamar 16, ita za ta kwanta a kan faranti tana kallon waje. Bangon ya miƙe tsaye. Leɓen, mai faɗin 6, ya karkato ciki ya rufe saman gefen faifan don kada ya yi tsalle. In ka kalle shi ta baki, kamar matakala guda yake. Na zaɓi 130 da gangan, ba 147 ba, don gaban faifan ya rage a waje da kusan santimita ɗaya da rabi, wurin da za ka kama da yatsa biyu.

Zana layukanka da ƙusa, ba da maka ba, domin kaurin layin maka kaɗai ya kai milimita guda, kuma milimita guda ita ce duk rarar da muke da ita. Yanko tsiri uku ko huɗu maimakon biyu. Na farkon na koyo ne, kusan tabbas za ka ɓata shi. Almakashi yakan murɗe ƙarfe, sai ka kwantar da tsirin a kan abu mai lebur ka daddanna shi da katako har ya miƙe. Goge duk bakunan da magagari, ka bi da sanfefa, ka kashe tsinin kusurwoyi. Ka gwada da yatsa a hankali. Bakin da zai yanke ka zai yanke wayar SATA ma, wato wayar da ke haɗa faifai da kwamfuta.

Fara da leɓe. Sa milimita 6 ɗin tsakanin ƙarafan angul biyu, layin da ka zana ya yi daidai da bakinsu, ka matse. Ɗora guntun katako mai tauri a jikin ƙarfen da ya rage a sama, ka riƙa bugun katakon da guduma, kana tafiya daga wannan kai zuwa wancan, kaɗan-kaɗan, zagaye uku ko huɗu har ya kwanta. In ka ce za ka kwantar da gefe ɗaya lokaci guda, tsirin zai yi ciki kamar kwalekwale, kuma ba ya gyaruwa. Kada guduma ta taɓa ƙarfen kai tsaye, tabon da za ta bari shi zai riƙa karce faifan mutane.

Layin lanƙwasa na biyu kada ka ɗauko shi daga rula. Wannan darasi wani dattijo mai ƙera akwatunan ƙarfe da murhu a kasuwar Sabon Gari ne ya koya mini. Na je masa da takarda cike da lambobi, na ce, "Baba, bangon nan milimita 28 nake so, kada ya ƙaru kada ya ragu." Ya juya takardar, ya miƙo mini abata, ya ce, "Ɗan nan, je ka kawo mini abin da zai shiga ciki." Gaskiyarsa. Ƙarfe yana cin wani abu a gwiwar lanƙwasa, kuma abin da yake ci ya danganta da kaurinsa da irin bugun da aka yi masa. Saboda haka ga yadda za ka yi: ɗora mataccen faifanka a kan kati biyu a haɗe, ka ɗora kati ɗaya a samansa, ka rataya leɓen a kan katin saman, bangon ya sauko ta bakin teburi, sannan ka zana layi daidai inda saman teburin yake. Daga wannan layi ka hau sama da kaurin ƙarfen, nan ne gwiwar ƙafa. Matse ƙafar a tsakanin angul, ka lanƙwasa ta ɓangaren da ya saba wa leɓen. In an gama, daga faranti zuwa ƙarƙashin leɓe zai kama 28 zuwa 28.5.

Da filaya, ɗan buɗe bakin kowane bango zuwa waje, kamar milimita 5 na farko, ka ɗaga bakin leɓen sama kaɗan. Shi ne zai sa faifai ya sami hanyarsa ko da ba ka saita shi sosai ba. A ɗaya kan kuma, yanka ɗan harshe daga bangon, mai faɗin milimita 5 ko 6, ka lanƙwasa shi ciki ya zama birki. Lura fa, daga nan dogon ya zama na dama da na hagu. Na taɓa yin na hagu guda biyu, ina ta murna, sai da na zo ɗaurawa na gane.

Wani zai ce a kai wa mai walda ya ɗana su a huta. A'a. Zafin walda yana murɗe siririn ƙarfe, kuma abin da aka yi wa walda ba ya matsawa in awo ya kuskure.

Ɗaura su a kan faranti

Yanka katunan tsiri-tsiri masu faɗin milimita 8, ka kauce wa wurin lambobi masu tudu da ɗan ƙarfen katin. Tsawon kati 85.6 ne, don haka kowane gefe zai ci guda ɗaya da rabi a jere, hawa biyu. Waɗannan su ne tabarmar da gefen faifan zai zame a kai, su kuma ɗaga cikinsa daga ƙarfe, domin allon lantarkin had-dis a ƙasansa yake, tsirara. Kada ka manna su tukuna.

Ajiye faifan gwaji a tsakiyar faranti, bakinsa na gaba ya yi daidai da bakin farantin ko ya shiga ciki kaɗan, ɓangaren jona waya yana kallon baya. Jingina dogon hagu da jikinsa, sa alamar huji biyu a ƙafar, ka dangwala wurin da ƙusa da guduma don kada bakin injin ya zame, ka huda, ka ɗaure shi tamau. Kawunan notin su kasance ta ƙasa, masu lebur, don farantin ya iya shiga raminsa.

Na dama shi ne mai muhimmanci. Hujinsa ka ja su da siririn magagari su zama dogaye ta faɗi, yadda zai iya matsawa milimita ɗaya ko biyu. Tura faifan ya manne da bangon hagu, saka kati guda a tsaye tsakaninsa da bangon dama, matso da bangon har ya taɓa katin, ka ɗaure. Zare katin. Wannan rarar ta kaurin kati ɗaya ita ce sirrin abin. In ta gaza haka, wani faifan zai cije, ka koma kana fizga. In ta wuce, faifan zai riƙa kaɗawa, kuma abin da ke juyi 7200 a minti ɗaya, kan karatunsa na shawagi dab da fuskar faifan, ba ya son girgiza ko kaɗan.

Zura shi ka zaro sau goma. Ya kamata yatsa ɗaya ya iya tura shi har birki, in kuma ka girgiza farantin ka ji motsi kaɗan ƙwarai. In ya shiga da sauƙi ya cije a ƙarshe, ƙarafan sun tsuke ta baya, sassauta notin baya ka gyara. Ka gwada faifai na kamfanoni biyu ko uku, Seagate da WD da Toshiba in kana da su. Wasu sirara ne, kaurinsu wajen milimita 20, za su bar sarari a ƙarƙashin leɓe, wannan sakatar da za mu sa a gaba za ta kula da shi. Sai komai ya yi daidai sannan ka manna tsirin katunan da gam mai ƙarfi a gindin kowane bango. Kada ka liƙa salatif a jikin bango wai don laushi. Zafin watan Afrilu zai narkar da gam ɗinsa, ƙurar hunturu ta zo ta kwanta a kai, ya koma kamar kwalta.

Sakatar gaba abu ce mai sauƙi: ɗan tsirin ƙarfe mai kusurwa a ɗaure a faranti gefen bakin dogon dama, da wani tsirin da ke juyawa a kan noti ɗaya ya gitta gaban faifan. Manna masa guntun robar tsohuwar tayar keke ta ciki, yadda in ka rufe zai ɗan danna faifan ya jingina da birki.

Wayoyi

Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce ka bar wayar bayanai da ta wuta da rarar da za ta kai su bakin ramin, ka jawo su, ka jona da hannu, ka tura faifan ciki wayoyin na komawa baya. Wayar SATA ba a so ta wuce mita ɗaya, amma santimita 50 ya ishe ka. Ta biyun ita ce ka kafe bakin jonawa a bayan faranti, faifai na isa ya shige da kansa. Ana yin ta ne ta hanyar jona bakin a jikin faifan gwaji, a tura shi har birki, sannan a kafe bakin a inda ya tsaya da ɗan ƙarfe mai kusurwa da gam mai haɗi biyu. Tana da kyan gani, amma kuskuren rabin milimita zai karya harshen robar faifan mai kaya. Ni ta farkon nake ba da shawara, sai hannunka ya faɗa.

Ko wacce ka bi, nemi 'yar gajeriyar wayar ƙari mai haɗe da bakin bayanai mai ƙafa 7 da na wuta mai ƙafa 15 wuri guda. Bakin SATA na cikin kwamfuta an ƙera shi ne a kan sakawa da cirewa kamar sau 50 kacal, shago mai ciniki kuwa zai cinye wannan a wata ɗaya. Gara wayar ƙarin ta gaji a canja ta, da a ce ta akwatin wutar cikin kwamfutar ce ta saki.

Ƙaramin faifai na laftof da SSD faɗinsu 69.85 ne, ba za su cika dogon ba. Ɗaura su a kan farantin sauyi mai faɗin babban faifai, na kanti ko wanda ka yanko daga roba mai kauri, da M3 gajeru waɗanda ba za su shiga jikin faifan fiye da milimita 3 ba.

Ranar fara aiki

Kashe kwamfuta, zare wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wutar ta fita. Goge farantin sarai, ka bi lunguna da maganaɗisu ko buroshi, sannan ka zura shi a ramin DVD ka ɗaure da noti huɗu. Da hunturu, lokacin da riga ke ƙyas-ƙyas in ka cire ta, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kowane faifai, ka kuma riƙe shi ta gefe.

Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kwamfuta na tashi, ka tabbatar faifan shago ne a sahun farko na tashi, in ba haka ba wata rana kwamfutarka za ta tashi da Windows ɗin mai kaya, ka yi ta mamaki. A nan ne kuma za ka ga ko tashar SATA tana kan tsarin da ake kira AHCI, da ko akwai zaɓin saka faifai kwamfuta na kunne. Ko da akwai, ni kashewa nake yi kafin in saka da kafin in cire, musamman da yake wutarmu ba ta sallama in za ta tafi. Bayan an kashe, ƙirga ashirin kafin ka buɗe sakata, faifan cikin ya gama tsayawa.

Gwajin farko ka yi shi da faifai mai rai wanda babu abin kirki a cikinsa. Kwafa masa manyan fayiloli na rabin awa, ka buɗe manhajar duba lafiyar faifai mai suna CrystalDiskInfo ka duba zafinsa. In ya haura digiri 50, iska ba ta isar masa, sai ka sa fanka a bayan ramin tana jan iska ta kansa. Ɗora tafin hannunka a saman akwatin. In ka ji yana gurnani, ƙara kaurin robar sakata, ko ka sa 'yan zobban roba tsakanin faranti da jikin akwatin. In ba faifai a ciki, mayar da murfin robar ramin, ko ka toshe shi da guntun soso, domin kadangare da ƙurar Zariya duk suna son rami mai ɗumi.